Nutso da tukunyar iska a ruwan da ba a ganin gaba: wa ya taɓa yi?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aiki zai kai ni Legas wata mai zuwa, kuma na yi rajistar koyon nutso da tukunyar iska. Malamin ya ce da ƙafa za mu shiga daga gaɓa, wajen duwatsun Tarkwa Bay, ruwan ba zurfi amma a dame yake. Iyona dai na kogin Kaduna ne. Waɗanda suka taɓa yi, me kuka tarar?

Injiniya Barnawa: Wa alaikumus salam ƙanena. Lokacin da nake karatu a Malesiya na yi a Port Dickson, bakin mashigin Malaka. Akwai murjani a wurin, amma laka ta yi yawa, wani lokaci takalmin iyon abokin tafiyarka kawai kake hange. Kamfas ne idonka. Tun kana tsaye a kan yashi ka ɗauki saitin inda za ka da na dawowa, don da zarar ka nutse gabas da yamma ɗaya suke. Mukan jira cikowar teku ta kai ƙarshe, ruwa ya tsaya cik, a lokacin ya fi washewa. In an kwana ana ruwan sama ka haƙura, duk dattin gari yana teku. Kuma ka koyi bugun ƙafa irin na kwaɗo, kada ka tayar wa na bayanka ƙura. Abin da ya ja ni ga irin wannan ruwa, dole ka tafi a hankali fuskarka kusa da dutse, sai ka ga ƙananan halittu masu launi da ƙaguwa da ba za ka taɓa lura da su ba a ruwa garau.

Baba Tsohon Sojan Ruwa: Yaro, kalmar nan "ba zurfi" ita nake so ka cire daga ranka. Duk mita 10 nauyin ruwa na ƙaruwa da "bar" 1, wato ma'aunin matsin ruwa da iska. Iskar da ka shaƙa a mita 10 ninkawa take kafin ka iso sama, saboda haka in ka firgita ka riƙe numfashi ka taso da gudu, huhu na iya yagewa ko a mita 2 ne. Na ga wanda aka fito da shi yana tarin jini daga ruwan da bai fi tsayin ɗaki ba. Ka yi ta numfashi. In ka rasa abokinka, ka duba minti 1, ka taso a hankali ku haɗu a sama. Kada ka taso ba tare da ka tura balan-balan ɗin alama ba, masu kwale-kwalen inji ba sa ganinka. Tukunya takan fara da iska "bar" 200, ka lissafa yadda za ka taka gaɓa da 50 a ciki.

Maman Hanif: Ni a Jidda na yi, ruwan can garau ne, amma shiga daga gaɓa wahalarsa ɗaya. Kayan suna da nauyi, igiyar ruwa na tura ka kan dutse. Na riƙe takalmin iyo a hannu sai da ruwa ya kai ƙugu na saka. Kada ka dafa komai, akwai masu ƙaya da dafi. A matsayina na ma'aikaciyar jinya kuma: mai sikila ko asma ya ga likita kafin ya biya ko sisi. Sannan kada ka hau jirgin sama zuwa Kaduna sai bayan awa 12 da nutso ɗaya, awa 18 in ka yi fiye da haka.

Ɗan Kawo: Na gode Baba, na gode Yaya, Allah ya saka. Zan mayar da tikitina zuwa washegari. Injiniya, kamfas ɗin a can ake ba da haya ko sai na saya?

Injiniya Barnawa: Yawanci yana cikin kayan haya, amma ka tambaya tun kafin ka tafi, ka kuma gwada tafiya da shi a fili kafin ranar.