Labari ya cije a tsakiya: yaya ake kai littafi ƙarshe?

Ƴar_Koyo:
Assalamu alaikum manyanmu. Me ke sa labari ya taho da zafinsa, a saki shafi goma sha biyar ko ashirin a WhatsApp, daga nan sai ya cije? Kuma marubuci mai aiki ko karatu ko hidimar gida, wane tsari zai bi har ya kammala littafi?

Alƙalamin_Zazzau:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Galibi an fara sakin labarin ne tun ba a san inda zai ƙare ba. Shafukan farko gabatar da mutane ne, kowa na iyawa. A tsakiya ne ake buƙatar rikici ya haifi wani rikicin, nan mai rubutu ba shiri yake tsayawa.

Kafin ki rubuta babi na ɗaya, ki rubuta labarin duka a shafi guda har ƙarshensa: me tauraruwar ke so, wa ya tare mata hanya, me za ta rasa. Sai ki raba shi babi-babi, kowanne layi biyu.

Sannan ki yanka wa kanki kalma 500 a rana, kwana shida a mako. Kalma 3,000 ke nan. Littafi mai kalma 60,000 zai ci mako 20, wajen wata biyar. Ki zaɓi lokaci ɗaya, ko bayan Asuba ko bayan Isha, ki kashe data na awa guda. Ranar da rubutun ya ƙi daɗi ma ki cika adadin, gyara na nan gaba. Kada ki koma kina goge babin jiya kafin ki yi na yau, wannan ɗabi'ar ta binne littattafai da yawa.

Uwar_Gida_Mai_Biro:
Ƙari a kan na Malam: ki tanadi littafin rubutu na musamman don mutanen labarin. Labaranmu na gidan yawa ne, mata uku, ƴaƴa goma sha, ga dangin miji. Kowa ki rubuta sunansa, shekarunsa, ɗakin da ya fito, da sunan da kowa ke kiransa da shi. In ba haka ba, Hajiya Babba ta babi na 4 za ta koma Hajiya Ƙarama a babi na 30, kuma masu karatu ba sa yafe wannan. Ki riƙa bin watanni ma. An sha ganin ciki ya shekara biyu a labari, ko a yi Sallah babba kafin azumi.

Amma ban ce lallai sai an gama kafin a fara saki ba, musamman mai rukunin WhatsApp da ake biya kafin a karanta. Ki dai tara shafi goma a ajiye kafin ki saki na farko, kada tazarar ta ragu. Ita ce za ta rufa miki asiri ranar rashin lafiya ko biki. Tana kuma hana ki juya labari don masu sharhi sun ce a kashe kishiya.

Ki riƙa rubutu a Google Docs ko ki tura wa kanki ta imel duk mako. Waya tana faɗawa ruwa.

Mai_Jan_Biro:
Ni ta wajen gyara zan shigo. In kin sa aya ta ƙarshe, ki ajiye shi mako uku ba ki duba ba. Sai ki karanta a bayyane, duk maganar da bakinki ya yi tuntuɓe da ita, ba haka mutane ke magana ba.

Zagaye na biyu na ƙa'idar rubutu ne. “Ta fi” daban da “tafi”, “ku ma” daban da “kuma”. Ana raba “ya ce” da “shi ne”, ana haɗa “gidansa”. Ki sa Hausa a Gboard, wato madannin rubutu na waya, don samun ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, domin “ƙafa” da “kafa” ba abu ɗaya ba ne.

Shawarata ki fara gwada hannu da gajeren labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata, tana neman kalma 1,000 zuwa 1,500. Aikin kwana uku ne a lissafin Malam, gyaransa kuwa ki ware masa mako biyu.