Neman shawara: an yi wa Hajiyarmu tiyatar ƙwaƙwalwa, saura kumburi biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana.

Mahaifiyarmu shekarunta 58, ta daɗe tana fama da hawan jini. Watan jiya tana idar da sallar asuba ta dafe kai, ta ce tunda take ba ta taɓa jin ciwo irin wannan ba. Ga amai, wuya ya sandare. Hoton CT ya nuna jini ya zuba a kewayen ƙwaƙwalwa, hoton jijiyoyi kuma ya nuna kumburi uku a jijiyoyin jini, wanda likitoci ke kira aniyurizim. Ɗaya ne ya fashe, shi aka buɗe kai aka matse wuyansa da ɗan ƙarfe. Alhamdu lillahi tana gida a Unguwar Rimi, tana gane kowa, sai dai saurin gajiya da mantuwa.

Sauran biyun suna ɗaya ɓarin kan, ɗaya milimita 9, ɗaya 3. Likita ya ce in ta murmure a yi wa babban kumburin aiki, ƙaramin a riƙa bibiyarsa da hoto. Yayanmu ya rantse ba za a sake buɗe kan uwarsa ba. Kawu ya ce a sayar da fili a kai ta Masar a gama da su duka. Ni barci ma ya gagare ni, ko tari ta yi sai gabana ya faɗi. Me kuke gani?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. Ita fa, an tambaye ta? Tunda tana cikin hayyacinta, kada a yanke a bayan idonta.

Nas daga Barnawa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Samun kumburi fiye da ɗaya ba baƙon abu ba ne, kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu wannan ciwo haka suke. Kuma abin da aka yi muku shi ne ƙa'ida: wanda ya fashe ake fara toshewa da gaggawa, don in ya sake fashewa ya fi na farko muni. Makonni biyun farko, lokacin da jijiyoyi kan tsuke har su jawo shanyewar ɓarin jiki, su ne mafi haɗari, kuma ta tsallake su.

Inda ban yarda da Yaya ba, ban kuma yarda da Kawu ba, shi ne duk sun haɗa kumburin biyu a kwando ɗaya. Kowanne da nasa hukuncin. Ana duba girmansa, wurin da yake, ko bakinsa sumul ne ko yana da ƙulle-ƙulle, da shekarun mai shi. Daga milimita 7 zuwa sama haɗarin fashewa na ƙaruwa, balle ga wadda wani ya riga ya fashe mata. Na milimita 3 kuwa sau da yawa haɗarin taɓa shi ya fi na barinsa. Aikin da aka shirya a natse ba ɗaya yake da na ranar da jini ya zuba ba, sakamakonsa ya fi kyau, ko da yake babu tiyatar kai da ba ta da haɗari.

Ɗan Tudun Wada: An yi wa yayata ba tare da an buɗe kai ba. Siririyar roba aka zura ta jijiyar matsematsi har ƙwaƙwalwa, aka cusa zaren ƙarfe mai laushi ya cike kumburin. Kwana kaɗan aka sallame ta. Kuɗin ne dai ba magana, kuma har yau tana komawa hoto, don wani lokacin yakan sake buɗewa. Ku tambaya ko na Hajiya zai karɓi wannan hanyar, wataƙila Yaya ya sauko.

Nas daga Barnawa: Gaskiya ne, amma ba kowane kumburi yake dacewa da ita ba, musamman mai faɗin wuya. Ku karɓi faifan hotunan, ku nemi ra'ayin wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko a Abuja kafin a taɓa fili. Ku tafi da Yaya ya ji da kunnensa.

Baba na Kawo: 'Yata, addu'a da magani ba sa faɗa. Abu ɗaya nake roƙonku: kada wani ya kawo jiƙo ya ce a ajiye ƙwayar hawan jini. Ku sayi na'urar awo, safe da yamma a rubuta a littafi. Mai shan sigari a gidan ya fita waje da hayaƙinsa.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya, ta ce ita ma tana son zama da likitan. Anti Nas, mu 'ya'yanta fa, sai mun yi hoton?

Nas daga Barnawa: Galibi ana ba da shawarar hakan idan mutum biyu ko fiye na jini ɗaya, iyaye, 'ya'ya ko 'yan uwa ciki ɗaya, sun samu ciwon, ko akwai ciwon ƙodar nan na gado mai ƙulluttukan ruwa. Ki binciki dangin Hajiya ko an taɓa yin wanda ciwon kai ya kayar farat ɗaya, ki gaya wa likita. In kuma irin ciwon kan nan ya dawo mata, ko fatar ido ɗaya ta sauko, ko tana ganin abu biyu-biyu, ko da tsakar dare ne ku nufi asibiti.