Me za mu kira "variadic" da Hausa?

Malamin kwamfuta, Gusau: Assalamu alaikum. Litinin zan koyar da yaren C na rubuta shirin kwamfuta, kuma kalmar variadic ta tsaya mini. Irin printf nake nufi, aikin da ke buga rubutu a allo: ko abu ɗaya ka miƙa masa ko goma, bai san adadinsu ba, bai san irinsu ba, sai abin da alamomin %d (gurbin lamba) da %s (gurbin rubutu) suka gaya masa. Ka ba shi lamba a gurbin %s, ya ɗauke ta adireshi a ma'adanar kwamfuta, ya shiga karanta inda ba nasa ba. Ina son sunan da zai sa yara su yi hattara.

Ɗaliba, Aliero: Malam, "ko-nawa". Aiki mai karɓar ko nawa.

Dattijo, Argungu: Wanga bai nuna haɗari ba. "Ba-awo" ya fi. Awa mai sayen shinkafa da ya karɓi buhu bai sa tiya ba, ya yarda da bakin mai kaya.

Injiniya, Birnin Kebbi: Baba, da gyara. Akwai wasu yarukan: Java ta kawo nata a 2004, tana tattara abubuwan cikin jeri mai sanannen tsawo, iri ɗaya. C++ ta kawo nata a 2011, ana duba irin kowane abu tun wajen harhaɗa shirin. Duk variadic ne, kuma suna awo. Matsalar ta va_arg ce, hanyar da C ke bi wajen ɗauko abubuwan da aka miƙa, shi ya sa ƙa'idojin MISRA na manhajar motoci suka hana stdarg.h, fayil ɗin da va_arg ke ciki. Ni "bariyadik" nake cewa.

Dattijo: Bariyadik ba Hausa ba ce, ɗana! Mi ya hana mu ƙirƙiro namu? Kullum sai mun jira Kano ta yanke muna?

Injiniya: Wa ya kawo Kano, Baba? Kwamfuta ma aro ce.

Dattijo: Aro don rashi ake yi. Nan babu rashi.

Ɗaliba: To a raba mana. Duka dangin "ko-nawa", na C kuma "ko-nawa ba-awo", sauran "ko-nawa mai awo".

Dattijo: Ya yi tsawo. Amma tunda awo ya shiga, ba ni ja.

Malamin kwamfuta: Na gode, da shi zan shiga aji. Zan nuna musu su miƙa jeri tare da tsawonsa, su kuma kunna -Wformat a GCC, manhajar harhaɗa shiri, don ta yi gargaɗi in abin da aka miƙa bai dace da %d ko %s ba. Saura sunan %d da 'yan'uwansa.

Injiniya: A takardar jarrabawa dai bariyadik za su gani, Malam.