Wane launi zan ba wannan barewa tawa?

MaiZanenGarwa:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Ina zana wani ɗan labari ne na yara a tablet, ƙannena suka matsa min tun hutun lekol, to a ciki akwai wata dabba da na ƙago da kaina, babu ita a duniya, kamar barewa take amma ƙahonta mai rassa, na sa mata suna Tsalle-dutse wai a duwatsun Rumsiki take zaune. Siffa na gama, launi ne ya tsaya min a wuya. Da farko na yi ta shuɗiya da ɗige-ɗige ruwan ɗorawa, ƙanwata 'yar shekara 8 ta leƙo ta ce "Yaya wannan ai atamfar Inna ce", wallahi take na goge. Na mai da ita ruwan ƙasa zalla sai ta koma akuyar unguwa. So nake namiji da mace da ɗa kowa da nasa kama, yaya zan yi?

BabanWaza:
Wa alaikumus salam. Yarona ka tambayi kanka tukuna, wa ke farautar dabbar nan, kuma a ina take kwanciya da rana? Nan launin yake. Na daɗe ina kai baƙi dajin Waza, duk naman dajin da ka gani akwai dalilin kamarsa. Ka dubi barewa ta gaske, baya ja-ja, ciki fari fat, ga siririn baƙin layi a haƙarƙari. Rana daga sama take duka, sai bayan ya yi haske cikin ya yi inuwa, shi ya sa farin ciki da duhun baya ke sa ta saje, ka hango fili ka rantse ba komai sai ta kaɗa wutsiya. Mazo kuwa a duhuwar bakin rafi yake, jikinsa ja da farin zane da ɗige-ɗige kamar hasken da ke ratso ganye. Gwanki fuska aka ƙawata masa, baƙi da fari kamar ya sha kwalli ya zarce.

Taka a dutse take, to ba ta ruwan toka mai sirkin ja, irin gashin agwada, kowane sili da duhu da haske. Sai ka ajiye ado a wuri biyu kawai, fuska da ƙarƙashin wutsiya.

Abu ɗaya kuma, mai ƙaho da rassa ba dangin barewarmu ba ce. Irin ta Turai da Asiya da Amurka ce, a Afirka sai can duwatsun Atlas wajen Tunisiya da Aljeriya. Su mazansu zubar da ƙahon suke duk shekara wani ya fito, namu kuwa ba sa zubar da ƙahonsu har mutuwa. 'Ya'yan masu rassan da yawa da farin ɗige ake haihuwarsu, in sun girma ya ɓace, amma akwai wata a Indiya da ke riƙe nata har tsufa. Ga launin ɗan naka nan a ɓagas.

Hajjo_Njamena:
Baba ya gama magana amma ni dai ban yarda a yi ta toka-toka kawai ba, yara ne za su karanta fa ba masu bincike ba. Kuma fari ma launin daji ne, mariri da aka dawo da su nan Cadi a 2016 can Wadi Rime bayan sun ƙare a daji, jikinsu fari ne, wuya da ƙirji ja kamar an tsoma a lalle, kuma a hamada suke rayuwarsu. Ka yi guda ɗaya fara a garken wadda ba a cika gani ba, ita ce za ta zama abin labari.

DanBarga:
Ni ta wajen suna zan shigo. Kar ka ce iri na ɗaya iri na biyu don Allah. Ka je hawan sallah ƙofar Lamiɗo ka ji yadda 'yan barga ke kiran dawaki, baƙi akawal, fari kili, mai dabbare-dabbare danda. Ko akuya ma muna da kyalla, kaza kuma wake-wake. Ara daga nan ka ce Tsalle-dutse danda, kowane yaro ya gane ba sai ka yi bayani ba.

MaiZanenGarwa:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na bi maganarka, na yi uwar ruwan toka da farin ciki, namijin na ƙara masa duhu a wuya da baƙin layi a gaban ƙafa irin na maraya, ɗan kuma ɗige-ɗige. Hajjo farar tana nan, kili zan kira ta. Na nuna wa ƙanwar tawa ɗazu ta daɗe tana kallo ta ce ya yi, amma wai ina shuɗin, sai da na sa mata shi a cikin kunne sannan ta ba ni tablet ɗina.

BabanWaza:
Cikin kunne ba laifi, damisa ba ta leƙa nan.