Jan ganyen kaka yana fitowa kamar an zuba masa manja, ina gyaran yake?

MaiHoto_Agege:

Assalamu alaikum masu sana'a. Aikin kalanda ne a hannuna, hotunan daji na lokacin kaka da aka ɗauko a arewa maso gabashin Amurka, sa'ad da ganye ke rikiɗa ja da rawaya. Kyamarar Canon ce, fayilolin kuma RAW ne, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, a manhajar Lightroom nake gyarawa. In na bar su yadda suka buɗe sai su zama dishi-dishi. In na ƙara ƙarfin kala, wato Saturation, zuwa +30 sai jan ya dunƙule wuri ɗaya kamar manja, jijiyar ganye ko ɗaya ba a gani. A waya kuma ya fi haka muni. A Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, za a buga. Mai ɗaukar zai sake fita a watan Oktoba, don haka ina neman shawara ta ɓangare biyu: abin da zai gyara wajen ɗauka, da abin da zan gyara a kwamfuta.

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka taɓa komai, duba ko jan ya ƙone tun a kyamara. Hoto kala uku ne aka haɗa: ja, kore, shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255 a fayil mai bit 8. Histogiram, wato jadawalin da ke nuna yadda haske ya rarrabu a hoto daga duhu a hagu zuwa fari a dama, farinsa da yawancin masu ɗauka ke kallo haske yake aunawa, kuma kore ya fi ba wa nauyi, ja kaɗan, shuɗi ƙalilan. Shi ya sa bishiya ja-wur a cikin rana za ta iya kai jan 255 alhali farin histogiram yana nuna lafiya lau. Da zarar ja ya buga rufi, ganye mai haske da wanda ke ɗan inuwa lamba ɗaya suke samu, kuma wannan ne dunƙulewar da kake gani.

To ka gaya wa mai ɗauka ya kunna histogiram mai kala uku, idonsa a kan jan. In ya taɓa bangon dama, ya rage haske da kashi ɗaya cikin uku ko biyu cikin uku na mataki (mataki ɗaya shi ne ninka haske ko raba shi biyu). Sannan ya sani histogiram ɗin daga ƙaramin JPEG da kyamara ta sarrafa yake fitowa ko da RAW ake ɗauka. Salon Landscape na Canon yana ƙara wa kala wuta, sai ya nuna ƙonewar da babu ita a RAW. Ya mayar Neutral ko Faithful.

Daidaiton fari, wato saitin da ke sa farin abu ya fito fari a hoto, kada ya bar shi a otomatik. In firam ya cika da ruwan goro, kyamara takan ɗauka hasken ne ya yi ɗumi, sai ta zuba shuɗi don ta kashe shi, hoton ya fito a sanyaye. Wataƙila dishi-dishin da kake gani daga nan ne. Ya kafe shi a 5200K in da rana, 6000K in da gajimare. A RAW ana iya canjawa daga baya, amma abin da ya gani a bayan kyamara shi ke ja masa hannu wajen saita haske.

Babban abin shi ne filtar folaraiza, gilashin da ake ɗaura wa lens don rage ƙyalli. Saman ganye yana da santsi kamar an shafa kakin zuma, yana mayar da hasken sama fari-fari, wannan ƙyallin ne ke wanke kalar. Yana juya zoben filtar a hankali zai ga ƙyallin ya ɗauke, asalin jan ya bayyana. Ta fi aiki in rana tana gefen kafaɗarsa, wato digiri 90 daga inda lens ke kallo, tana kuma aiki sosai a kan jiƙaƙƙen ganye bayan ruwa ko da babu rana. Abu biyu ya kiyaye. Tana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, don haka da iska sai ya ɗaga ISO zuwa 400 ya riƙe shata a 1/125 ko 1/250 a f/8, in ba haka ba ganye zai rawa ya goge. Kuma a lens mai faɗi irin 16mm sama takan fito da duhu a gefe ɗaya, haske a ɗayan. Kada ya murɗa ta har ƙarshe. In ya kashe ƙyalli gaba ɗaya ganyen zai koma kamar na roba, ya bar ɗan kaɗan.

Ranar da gajimare ya lulluɓe sama ita ce ranar shiga cikin daji, sai dai ya cire farar saman daga firam. Tsakar rana kuwa ya zauna ya sha shayi.

Ta ɓangarenka, sauke wancan +30 ɗin, ka gwada maɓallin Vibrance, mai ƙara wa kalolin da suka kwanta ƙarfi, maimakonsa.

Maman Khalifa:

Baban Ummi ya gama da ɗauka, amma a kan Vibrance ina da ja. An gina shi ne ya tausaya wa kalar fatar mutum, kuma fata tana zaune ne a yankin ruwan goro da ja. A hoton kaka ke nan zai taɓa ganyen kaɗan, ya je ya hura kore da shuɗi. Sakamakon shi ne sama kamar an rina da shuni, ciyawa kamar ledar kore. +10 ba laifi, fiye da haka sai an sa ido.

Malam, jeren matakan aiki ne ke ba ka wahala. Ƙarfin kala shi ake taɓawa a ƙarshe, domin kusan duk abin da ka motsa kafin shi yana ƙara shi ba tare da ka nema ba. Fara da furofayil, wato salon kalar da Lightroom ke buɗe hoto da shi: Adobe Landscape ya riga ya zo da kala a cike, koma Adobe Color, in jan ya yi tsanani ma Adobe Neutral. Sai daidaiton fari, ka ɗora abin tsinkar kala a kan wani abu mai ruwan toka, dutse ko kwalta ko farin gajimare. Daga nan ka saita baƙi da fari da bambancin haske. Za ka ga kafin ka kai ga Saturation rabin abin da kake nema ya zo da kansa, saboda lanƙwasa layin haske yana ɗaga kala tare da shi. Dehaze, maɓallin cire hazo, ma haka, har ya fi.

Sauran aikin a sashen HSL yake, inda kowace kala ke da nata maɓallan uku: irin kalar, ƙarfinta da haskenta. Ga ja da ruwan goro, sauke haskensu da 10 zuwa 15 kafin ka ƙara musu ƙarfi. Kalar da ta ɗan yi duhu ido yana ganinta a cike, jijiyoyin ganye kuma suna dawowa. In jan yana kan gaɓar ƙonewa, rage ƙarfinsa da 5 ko 10, abin mamaki hoton sai ya fi kyau.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jan rawaya da kore duka zuwa ruwan goro don dajin ya yi kaka sosai. Daji na gaske ba ya yin kala ɗaya, kuma da dalili. In yini ya gajarta sanyi ya shigo, sinadarin kulorofil mai sa ganye kore yana rushewa, sai sinadarin karotinoyid da dama can yana cikin ganyen ya fito fili, shi ne rawaya da ruwan goro. Jan kuwa sinadarin antosayanin ne, sabo bishiya ke ƙera shi daga sukarin da ya taru a ganye, ya fi yawa in ana rana da yini, sanyi da dare. Don haka a bishiyar mafil (maple) guda ɗaya, reshen da ke shan rana zai yi ja, na cikin inuwa rawaya, wani har yanzu kore, wani ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Ga itatuwan fayin (pine) da ba sa zubar da ganye suna tsaye kore mai duhu a tsakani. Wannan koren da wannan ruwan ƙasar su ke sa jan ya yi ja. Ka goge su, ka rasa abin da ido zai gwada da shi.

Haka nesa da kusa. Tudun da ke can baya dole ya fi na gaba kodewa, ya ɗan karkata shuɗi, saboda iskar da ke tsakani. Saturation na bai ɗaya ba ruwansa da wannan, yana cika na nesa daidai da na kusa, hoton ya zama shimfiɗaɗɗe kamar atamfa. Yi amfani da burushi ko mask, ka ƙara a gaba kawai.

Ma'aunina mai sauƙi ne: kalli ɓawon bishiya da duwatsu da inuwa. In ɓawo ya fara ja, ko inuwa ta koma shunayya, an wuce gona da iri. Kuma ido yana sabawa da kala cikin 'yan mintoci, ka tashi ka yi alwala ka dawo, za ka ga abin da ba ka gani ba.

MaiHoto_Agege:

Allah ya saka, Hajiya. Na duba, a hotuna huɗu jan ya ƙone tun asali, sauran sun dawo da na canja furofayil. To batun waya da bugu fa?

Ɗan Shomolu:

Oga, waɗannan huɗun ka ja Highlights ƙasa ka gani, RAW mai bit 14 yakan ɓoye ɗan rara. In babu, a canja su, tawada ba ta dawo da abin da babu.

Batun waya biyu ne. Lightroom yana aiki a filin kala mai faɗi irin na ProPhoto, don haka jan da yake nuna maka lafiya zai iya fin ƙarfin sRGB, ƙaramin filin kalar da aka saba da shi a intanet. Danna S a Develop, zaɓi sRGB, kunna gargaɗin kalar da ta fi ƙarfinsa, duk inda ya yi alama nan zai dunƙule bayan fitarwa. Ka fitar a sRGB, kada ka tura Adobe RGB waya. Na biyu, wayoyin Samsung da yawa allonsu yana kan Vivid, mayar da shi Natural kafin ka yanke hukunci. In za ka tura wa kwastoma ta WhatsApp, tura a matsayin dokumen. Matsewar JPEG bayanan kala take fara yankewa, gefen jan ganye ne ke fara lalacewa.

Bugu kuma wata duniya ce. Injin ofset CMYK yake sha, wato tawada huɗu: sayan mai shuɗi-shuɗi, majenta mai ja-ja, rawaya da baƙi, kuma ruwan goro mai walƙiya da ja mai haske suna cikin abin da ba ya iya kaiwa. Ja a takarda majenta ne da rawaya. In duka biyun sun kai 100, siffar ganyen sai dai ta fito daga ɗan sayan da baƙin da ke ciki, in babu su ka samu jan faci. Lightroom ba ya gwajin CMYK, ka kai Photoshop, ka karɓi furofayil daga wanda zai buga, Ctrl+Y ka ga yadda zai fito, Shift+Ctrl+Y ya nuna maka kalar da injin ba zai iya kaiwa ba. Gwada Perceptual da Relative, hanyoyi biyu na juya kala zuwa ta bugu, a hoton da ja ya yi yawa Perceptual yakan fi riƙe bambancin inuwar jan. Jimlar tawada huɗun kada ta wuce wajen 300% a takarda mai sheƙi, in ta wuce ga damshin Legas, takarda ta manne da ta bayanta. Takarda marar sheƙi tana shanye tawada, kala za ta ƙara kwantawa.

Hasken allon kwamfutarka ka sauke shi wajen 100 zuwa 120 na kandela, ma'aunin hasken allo, farinsa kuma 6500K. Yawancin masu kukan bugu ya yi duhu, allonsu ne ke ƙure. Ka biya a fitar maka da gwaji ɗaya, ka fita da shi bakin ƙofa ka duba, ban da ƙarƙashin ƙwan shago.

Baban Ummi:

Na karɓi gyaran Hajiya. Wanda kuma ke son ya koyi hannu ba sai ya jira biza ba. Kwandon tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12 ta Legas da hantsi yana ƙona ja daidai da ganyen mafil, ga ƙyalli a fatarsu da za a gwada folaraiza a kai. A nemi izinin mai kaya tukuna. Bishiyar furut da ke unguwanni ma ganyenta yakan yi ja kafin ya zuba a lokacin rani. Sai dai ƙurar hunturu tana kwanciya a kansa, ita kuma filta ba ta cire ta, a watsa wa ganyen ruwa kafin a ɗauka.