Ina son yi wa Inna waƙa amma Yaya ya ce a'a

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Watan gobe Inna za ta cika shekara ɗaya da rasuwa, kakarmu ce amma ita ta riƙe mu tun muna ƙanana. Tun bayan arba'in nake ta rubuta wasu baitoci a waya, ni ban ma san waƙa nake yi ba sai da suka haura 20, duk a kanta ne, yadda take tashin mu da asuba da kunun tsamiyarta na azumi da faɗan da take mana in mun bar tsintsiya a tsakar gida. To na ce zan kai sutudiyo a ɗora kiɗa kaɗan in tura wa dangi, sai Yaya ya ce sam, wai fama wa mutane miki zan yi, kuma mamaci addu'a yake so ba fiyano ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Laifi ne?

Bazazzagi:
Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta. 'Yar'uwa abin da kika rubuta ai yana da suna, marsiyya, kuma ba yau aka fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha, har ma matan da ba sarauta gare su ba ta yi musu. Kafin ita Khansa'u, mawaƙiyar Larabawa, ta yi wa ɗan'uwanta Sakhr har yau ana karanta baitocin a makarantu, Hassanu bn Sabit kuma ya yi wa Annabi (SAW). Abin da na lura a irin na Nana shi ne ba kuka zalla ba ne, tana lissafo halayen kirkin mutum ne don na baya su ɗauka, sannan ta rufe da roƙa masa rahama. Kin ga addu'ar da Yayanki yake magana tana ciki kenan.

Abu Hafsa:
Allah ya gafarta mata. Ni dai ina ganin yayanki bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Hawaye ba laifi, Annabi (SAW) ya zubar ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufa da maganar da ke nuna ba a yarda da ƙaddara ba. Ki duba baitocinki da kyau ta wannan fuskar. Kiɗa kuwa kin san malamai sun yi saɓani, me zai sa ki jawo rigima a gida a kan abin da za ki iya bari? Kuɗin sutudiyon ki haɗa da na 'yan'uwa ku ja ruwa ko ku sai Alƙur'anai a kai masallacin unguwa da sunanta.

Na Damagaram:
Hhhh ni kam kar ki bari wani ya taɓa miki baitocin. Da Baba ya rasu mun biya wani mawaƙi ya yi mai waƙa, da aka kawo sai muka ji gwarzo, garkuwar talakawa, bango madafar bayi, mutumin da tela ne fa shekara 40 a kan keke ɗaya! Ashe waƙar wani ɗan siyasa ce ya cire suna ya sa na Baba. Hajiyarmu ta saurara sau ɗaya ta ce wannan ba mijina ba ne. Abin da ya rage mana da muke ji da shi allon zayyanarsa ne na sauka, ƙanena ya sa shi a gilashi ya rataye a zaure, duk jikan da ya shigo sai ya tambaya na waye. Naki da akwai tsintsiya da kunun tsamiya a ciki, wannan Innarku ce sak, ki bar shi haka.

'Yar Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya jiƙan namu baki ɗaya. Na bar maganar sutudiyo. Jiya da daddare na rera da bakina kawai ba kiɗa na tura wa Yaya ban ce komai ba, na ga ya buɗe amma shiru har na yi barci. Da safe sai ga saƙonsa, wai na manta ban sa yadda take ɓoye mana ƙuli-ƙuli a cikin kwalla ba, kuma baiti na 9 ba haka aka yi ba, shi aka daka ranar ba ni ba.