Dashen kwakwar manja "na kwalba": gaskiya ne ko damfara?

Manomin Lafiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kadada biyu a bayan garin Lafiya, ina son in sa musu kwakwar manja a daminar bana. Shekaranjiya wani ya kawo min dashe a leda, wai "na kwalba" ne, ba daga ƙwallo ya tsiro ba. Kuɗinsa ya ninka na saura sau uku. Na juya ganyen, na tona na ga saiwar, ban ga wani bambanci ba. Wai da gaske ana yin haka?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Ana yi. Kwakwa ba rogo ba ce da za ka sari kara ka binne, ba ta kuma fitar da 'ya'ya a gindi irin na ayaba ko dabino. Kai ɗaya gare ta. Shi ya sa ake zaɓen uwar da ta fi ba da mai, a yanko ɗanyen ganyen da ke can cikin zuciyarta, wanda bai taɓa ganin rana ba, a yayyanka shi ƙanana, a sa a kwalba kan wani abinci mai kama da daskararren koko, da sukari da sinadaran sa girma. Bayan watanni sai ƙullutu ya fito a bakin yankan. Kaɗan ne daga ciki ke zama tsiro, kuma kafin ya isa shiga leda an ci shekaru. In ya yi kyau, kowane ɗaya uwar ce sak.

Ga inda gizo ke saƙar. A 1986 aka ba da rahoto daga Malesiya cewa wasu itatuwan kwalba na fitar da fure a birkice, 'ya'yan su fito a naƙase, man ya ragu ko a rasa shi gaba ɗaya. Sai a 2015 masanan hukumar manja ta ƙasar suka gano tushen abin a wani yanki na ƙwayar halitta da ake kira Karma. Ido ba ya ganin wannan a leda, Alhaji, sai itacen ya fara haihuwa bayan kamar shekara uku. Kai kuwa, da tazarar mita tara a tsarin kusurwa uku, maganar itace 286 kake yi a kadada biyunka.

Baba na Kurmi:
Ɗana, ni kwalba ban san ta ba, amma na san ciwon jira. Na taɓa tsince ƙwallaye a gindin tenera mai kyau ta maƙwabcina, wato irin kwakwar nan mai siririn ɓawo da nama mai yawa, na shuka, ina ganin na yi wayo. Wasu suka fito da ɓawo mai kauri, nama ɗan kaɗan, wasu har na sare su ba su taɓa riƙe nono ba. Ka nemi ƙwallon tenera mai tsiro daga NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja da ke kusa da birnin Benin, da takardarsa, ka rene shi da hannunka.

Malamin Gona:
Haka ne, Baba. Tenera haɗin iri biyu ce: dura mai kaurin ɓawo, da pisifera marar ɓawo wadda galibi ba ta riƙe nono. In an sake shuka 'ya'yanta, kusan rabi ne kawai ke fitowa tenera.

Manomin Lafiya:
Allah ya saka da alheri. Na kira mutumin na tambaye shi sunan ɗakin gwajin da aka yi dashen, ya ce bari ya tambayi ogansa. Tun jiya wayarsa ba ta shiga.